Ƙanena kurma ne, gidanmu na kusa da kogi: wa zai tashe shi in ruwa ya zo da dare?

Tambayar daga wata baiwar Allah ce a Saga, nan Yamai. Ƙanenta saurayi ne, kurma tun yana ƙarami, sanƙarau ne ya tafi da jinsa. Shi kaɗai yake kwana a shagon ƙofar gida, kuma yakan sa sakata ta ciki. Mahaifinsu kunnensa ya yi nauyi, yana sa na'urar kunne da rana. Gidan na ƙasa ne. Ta ce sanarwa duk ta lasifikar masallaci da rediyo da saƙon murya take zuwa, to me za su tanada kafin damina, kuma ko akwai na'urar da za su saya?

Ƴar'uwa, na'ura akwai, zan ma faɗa miki yadda ake haɗa ta da kayan kasuwar Katako. Amma ba da ita za ki fara ba. Sanarwar ambaliya tana yin doguwar tafiya lami lafiya: daga masu auna kogi zuwa hukuma, daga hukuma zuwa rediyo da mai unguwa, daga nan zuwa lasifikar masallaci, har ta faɗo tsakar gidanku. Inda take mutuwa shi ne taku goman da ke tsakanin tsakar gida da shimfiɗar ƙanenki. Dare ne, an ɗauke wuta, ruwa na dukan kwano, kowace uwa tana laluben ƴaƴanta, ƙofarsa kuwa a garƙame ta ciki. Ki buga har hannunki ya kumbura, ba zai motsa ba. Duk abin da za ku tanada, ku gwada shi da wannan daren.

Ruwan da ke yi wa Yamai ɓarna ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane da irin lokacin da yake ba mutum. Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, shi ya sa kogi kan hau ko da sararin Yamai tas yake, ba ko gajimare. Sai ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gini, mai isowa cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. A ma'aunin Yamai, santimita 530 ita ce alamar gargaɗi rawaya, 580 ruwan lemu, 620 ja. A Satumbar 2020 ruwa ya kai wajen 700, ya ci ƙarfin shingen ƙasar da ke tare shi, ya shiga unguwannin bakin kogi, har da taku. Abin da ya kamata ki riƙe a nan shi ne kogi yana ba da kwanaki, kuma gargaɗinsa lamba ce da launi, abin da ido ke gani. Ki ja layi uku da fenti a jikin bangon zaure, rawaya, ruwan lemu, ja, ki rubuta lambobin a gefe. Daga farkon Agusta, duk ranar da aka faɗi tsayin kogi a rediyo, wanda ya ji ya rubuta da gawayi ko alli kusa da layin. Kwana uku ƙanenki ya ga lambar tana hawa, ba sai kowa ya yi masa dogon bayani ba.

Ruwan kwari, irin na Gunti Yena da ya ratsa cikin Yamai, da ruwan sama mai zuba dare guda a kan ginin ƙasa, su ba sa ba da kwana. Mintoci ne. A daminar 2024 mutum fiye da 300 suka rasu a faɗin Nijar, kuma da yawansu ba kogi ne ya ci su ba, ɗaki ne ya rufta musu. Mai ji yakan samu ɗan gargaɗi: ƙarar azara, ɓarɓashin ƙasa na zuba a kan kwano, ihun maƙwabta. Kurma sai abin da ya gani tun da rana. Don haka ku zagaya ɗakin tare da shi. Ku duba gindin bango ko ya jiƙe har ɗan yatsa na lotsa shi, ko akwai tsaga mai gangarowa daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ƙofa ta fara cijewa alhali da ba ta yi, ko indararo ya toshe ruwa na kwana a kan soro. A ja layin fensir a ƙarshen tsagar, a sa kwanan wata. In ta wuce layin bayan ruwa ɗaya, ɗakin ya tashi daga wurin kwana sai an gyara. Ni a ganina ma, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba bai kamata ya kwana shi kaɗai a shago ba. Na san saurayi ba ya son a taɓa masa ƴancinsa. A nuna masa dalili, a bar shi ya zaɓi wanda za su kwana tare, aboki ko ƙane.

To, tashinsa daga barci. A sa wa mutum biyu wannan aiki da sunansu, na farko da na biyu, kuma shi ma ya san su. In aka ce "ai wani zai tashe shi", ba wanda zai tashe shi, domin kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ya riga ya yi. Na farko ya zama wanda ba shi da goyo ko tsoho a wuyansa. Na biyu ya zama maƙwabci, don ranar da gidan ba kowa. Sannan sakatar nan ta ciki ta tafi. A sa makulli mai buɗuwa ta ciki da ta waje, a yanka ɗan makulli biyu, ɗaya a rataye a ƙusa ɗaya tak da kowa ya sani, sama da inda hannun yara ke kaiwa, ɗaya wurin maƙwabcin. In tagar ɗakin da ƙarfe a jikinta, ƙofar nan ita kaɗai ce mafita, kada a jingine babur ko buhu a bayanta.

Kafin a samu canza makullin, akwai dabarar da ba ta cin ko dala: igiya. A ɗaure ta a ƙafar gado, ko a zagaye ƙarshen katifa da ita, a fitar da bakinta ta taga, a yi mata ƙulli babba wanda hannu zai samu cikin duhu. Fizga uku masu ƙarfi, a dakata, a sake. Kada a ɗaura ta a hannu ko ƙafar mutum, balle yaro. Abin da ke ɓata ta: rana da ruwa suna cinye igiyar leda, yara suna mai da ita abin wasa har ya daina kula da fizgar, ko a ja gado wani gefe igiyar ta saki. A duba ta duk Juma'a.

Yanzu na'urar. Mutane da yawa suna zaton fitila mai walƙiya ta isa. Da rana, ko in yana zaune ido biyu, ta isa. Mai barci mai nauyi kuwa, wanda ya juya fuska bango, haske ba abin dogaro ba ne, girgiza ce ke tashinsa. Duk mai gyaran lantarkin babur zai iya haɗa wannan: batir ɗin babur mai volt 12, fiyus mai amfiya 3 a kusa da kan batir, waya mai igiya biyu wajen mita 10 zuwa 15, makunni irin na ƙararrawar ƙofa, ƙwan fitilar babur ko ɗan layin LED, da ɗan inji mai juyawa da volt 12 wanda aka ɗaure wa noti a gefe ɗaya na sandarsa. Nauyin da ya karkata gefe guda shi ke sa shi rawa. A sa injin cikin gwangwani ko ɗan akwatin roba don kada ya kama zane, a ɗaure shi tamau da katakon gado ko ƙarfensa. In aka ajiye shi kan katifar soso kawai, soson zai shanye girgizar. Makunni ɗaya a bakin ƙofarsa ƙarƙashin rumfa, ɗaya a ɗakinki. In kuna so ruwa da kansa ya tashe shi, a ƙara makunni mai iyo irin na tankin ruwa, a saka shi cikin bokitin da aka huhhuda a wuri mafi gangare na gidan, kamar taƙi ɗaya ƙasa da dokin ƙofa. A faɗa wa mai haɗawa ya juya wayoyin yadda zai kunna in ruwa ya hau, domin a tanki akasin haka ake haɗa shi. Kada ko kusa a jona wannan da wutar gida mai volt 220. Ruwa da wutar gida kisa ne, kuma daren da ake buƙatar abin ma yawanci an ɗauke ta. Batir ɗin a ɗora shi kan kanta, a yi masa caji duk mako biyu. Laka da tururuwa da tsatsa a bakin waya su ne ke kashe irin wannan haɗin shiru, ba wanda ya sani.

Salula tana taimakawa, in an san halinta. Saƙo yana girgiza ta sau ɗaya, ɗan gajere, ba ya tashin kowa. Kira kuwa yana ta girgiza har ya katse. Saboda haka in ana son tashinsa, a kira, a sake kira, sannan a tura saƙon da zai karanta. Ta kwana cikin rigar matashi ko aljihun rigarsa, amma ba a jone da caja ba, don tana zafi. A shiga saitin wayar, wajen da aka rubuta Accessibilité, a kunna walƙiyar fitila in saƙo ya shigo, wayoyin Android da dama suna da shi, a kuma tabbatar Ne pas déranger, wato tsarin da ke sa waya ta yi shiru, ba ya kunna kansa da dare. Saƙon ya zama kalma uku ko huɗu da aka riga aka saba: RUWA. FITA. MAKARANTA. Kurame da dama ba su samu karatu mai zurfi ba, kuma wanda ya yi makarantar kurame da Faransanci ya koya, ba lalle Hausar boko ta zauna masa ba, don haka a tambaye shi wace kalma yake ganewa nan take, ko a haɗa da hoton ruwa da na gida. Wani ɗan abu da ba kowa ya lura da shi ba: SMS ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, dogon saƙo ya rabu biyu ko uku, wani ɓangaren ya makara. A saƙon gaggawa a rubuta da baƙaƙe marasa lanƙwasa. Bidiyon WhatsApp na daƙiƙa 20 da maganar hannu ya fi komai fita sarai, sai dai yana son intanet da haske, biyun kuma su ne ke fara gudu in hadari ya taso. Ku da ke cikin zaurukan WhatsApp na unguwa, ku roƙi duk mai tura saƙon murya na gargaɗi ya bi shi da layi ɗaya a rubuce.

Ga inda ko masu ƙaunarsa ke kuskure. An shiga ɗakin, an tashe shi. Wanda ya shigo yana haska masa tocila a ido yana ihu. Shi kuwa abin da ya gani kawai farin haske ne da inuwar mutum a kansa cikin dare, in ya kai duka ba laifinsa ba ne. A girgiza gadon tukuna, ko a dafa kafaɗarsa da tafin hannu a danna sau biyu, ba fuska ba, ba ƙafa ba. Hasken ya koma kan mai magana: a maƙale tocila a hammata tana kallon sama, ko a ajiye ta ƙasa tana haska bango, hannu biyu su zama a sake. Fitilar goshi tana da amfani wajen tafiya, amma in mutum biyu suka fuskanci juna da ita kowa ya makantar da ɗan'uwansa, sai a sauke ta wuya.

Kada ki dogara da karatun leɓe. Tsaya gaban madubi ki ce "gudu", ki ce "kudu". Bakin iri ɗaya ne. Haka "bari" da "ɓari" da "mari". Hausa tana rarrabe kalmomi da karin sauti da tsawon wasali da abin da ke faruwa can cikin maƙogwaro, ido kuwa ba ya ganin ko ɗaya. Da rana cikin natsuwa yana cike gurbin da hankalinsa, cikin duhu da firgici ba zai iya ba. Ku zauna ku tsayar da alamu shida da duk gidan zai iya, har yara: ruwa, gobara, gaz, fita yanzu, kwanta ka ɓuya, lafiya ya wuce. Shi zai ba ku alamun, ba ku za ku ƙirƙira masa ba. Ku sani kuma maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame, wadda ta samo tushe daga ta Amurka, daban take da maganar hannun gida da ta kasuwa, don haka tafintan da ya gani a talabijin ba lalle ya gane shi duka ba in bai yi makaranta ba. Ta bakwai ita ce ta duhu sosai: a zana masa babban gicciye da ɗan yatsa a gadon baya, daga kafaɗa zuwa ƙugu, hagu da dama. Masu larurar gani da ji a ƙasashe da dama da ita suke aiki, ma'anarta "tashi mu tafi, bayani sai mun tsira". Amma fa a cika alkawarin bayanin. Da an isa wurin haske a faɗa masa abin da ya faru, wa ya fito, wa ake nema. Babu abin da ke ci wa kurma rai irin a ja shi kamar kaya, ya ga kowa na kuka, a ce masa "bari, anjima".

A hanya kada a riƙe masa hannu biyu, wannan toshe masa baki ne. Ya dafa kafaɗar na gaba. Akwai kuma abin da ya shafi ƙanenki musamman: sanƙarau sau da yawa ba ji kaɗai yake lalatawa ba, yana taɓa sashen cikin kunne da ke riƙe daidaiton jiki. Irin wannan mutum da idonsa da tafin ƙafarsa yake tsayuwa daidai. Ki lura ko yana tangaɗi in yana tafiya cikin duhu. In haka ne, duhu da ruwa mai gudu da laka sun ƙwace masa duka biyun, in kuma ya nutse yana iya kasa gane ina ne sama. Ko ya fi kowa ƙarfi a gidan, ba shi za a tura cikin ruwa da dare ya ɗauko kaya ba. A ba shi sanda da fitila. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babba. Aikinsa ya zama wanda ido ke yi: ɗaukar jakar takardu, ƙirga yara a wurin haɗuwa, lura da bango da rana. A wannan ya fi ku.

Kashedi ɗaya a kan gaz. A gidan da ke da kurma an saba kiransa da kunna fitila da kashewa. Ranar da aka ji warin gaz, wannan sabon yana iya tayar da gobara, domin ɗan tartsatsin makunni ya isa. Ranar ba a taɓa makunni, ba a danna na'urar gadon nan, ba a kunna ashana. A je a taɓa shi da hannu, a toshe hanci a nuna ƙofa, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofofi. Gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, mai kwana a tabarma shi ya fi kusa da shi.

Baba kuma nasa daban ne. Nauyin kunne na tsufa siririyar ƙara yake fara ɗaukewa: usur, ƙarar salula, muryar yara da ta mata. Ƙararrawar hayaƙi da ake sayarwa tana kuka ne a wajen hertz 3,000 (hertz ma'aunin kaifin sauti ne), daidai inda kunnensa ya mutu. Wadda ke da kakkaurar murya, hertz 520, ita ta fi tashin irinsu. In ba a samu ba, dukan ƙyauren da taɓarya ya fi kiran "Baba, Baba" sau goma. Ki tuna da dare na'urarsa a cire take, don haka a lissafin dare shi ma kurma ne, a sa masa nasa mai tashi. In ana yi masa magana a fuskance shi, a yi a hankali da gajerun kalmomi. Ihu yana murɗe baki, yana kuma sa na'urar ta yi ƙara. A ce ya maimaita abin da ya ji, don dattijo yakan gyaɗa kai saboda kunya alhali bai ji ba.

Batir ɗin na'urar lamba gare shi da launi: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemu, 675 shuɗi. Ki duba nasa ki rubuta, don wanda za a aika ba zai sani ba. Lamba 13 takan yi mako ɗaya zuwa biyu. A ajiye kati biyu, ƙwaya 12, cikin jaka. Da iska batir ɗin yake aiki: in an ɓare ƴar takardar da ke bayansa a jira minti ɗaya kafin a saka, kuma da an ɓare ya fara ƙarewa ko ba a yi aiki da shi ba. Ba a sa shi a firiji, ba a barinsa a rana, ba a barinsa inda yaro zai haɗiye. In na'urar ta jiƙe, a cire batir nan take, a bar murfin a buɗe, a goge, a rufe ta kwana ɗaya cikin kwalba tare da ƴan ƙunshin tsotse danshi irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Ba a shanya ta a rana ko kusa da murhu. Da dare ta kwana cikin robar da ke da murfi, a wuri ɗaya kullum, kusa da tabaransa.

Jakar fita kowa ya san abin da ke cikinta: takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar fili cikin leda biyu, magungunan Baba, ƴan kuɗi ƙanana, garin ORS na gishiri da sukari da ake sha in ana gudawa, ƙwayar Aquatabs mai tsabtace ruwan sha da ake jira minti 30 bayan an jefa ta a ruwa. Abin da ake ƙarawa saboda kurma: tocila biyu, ƙaramin littafi da fensir (biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda), batir ɗin ajiya na salula, mai mAh 10,000 a rubuce a jikinsa yakan cika waya sau ɗaya da rabi zuwa biyu, da kati mai rufin leda da zai rataya a wuya. A rubuta da Faransanci da Hausa da Zabarmanci cewa shi kurma ne, a yi masa magana da hannu ko a rubuce, ga unguwarsu, ga lambar mutum biyu. Sai usur. Za ki ce me kurma zai yi da usur? In gini ya danne shi, masu ceto suna kira ne su saurari amsa, shi kuwa bai san ana kira ba. Da usur a wuyansa shi ne zai yi kiran: busa uku, hutu, busa uku, ko ya riƙa dukan ƙarfe da dutse. Ku gwada tun yanzu, ki tsaya ƙarshen gida ki nuna masa da hannu ƙarfin busar da ke isowa, don shi ba ya jin kansa.

Lambobin gaggawa, 18 na ƴan kwana-kwana, 17 na ƴan sanda, 15 na motar asibiti, a kan kiran murya aka gina su. Kada shirinku ya rataya a kan cewa zai tura musu saƙo. Ya tura wa mutum biyun nan, su su kira. A rubuta masa saƙonni uku a ajiye cikin wayar tun yanzu, gobara, ruwa, rauni, kowanne da sunan unguwa da alamar da ke kusa da gidan. Mai kiran kuma ya faɗa tun a waya, ya sake faɗa in sun iso: "Akwai kurma a ɗakin farko hannun dama, ba zai amsa kira ba."

Wani haɗarin ba na ruwa ba ne. In an sa dokar hana fita, ko an tare hanya, ko jami'i ya ce "tsaya" daga baya, wanda bai ji ba kamar wanda ya ƙi ne. Duk ranar da aka yi irin wannan sanarwa a faɗa masa kafin ya fita. In aka tsayar da shi, hannuwa a fili, ya nuna kunnensa ya girgiza kai, kada ya zura hannu aljihu da sauri don ɗauko kati. Shi ya sa katin wuya ya fi. In ya ga jama'a sun watse da gudu ko sun kwanta, ya yi yadda suka yi, tambaya daga baya.

In ta kai ga kwana a ajin makaranta, kamar yadda aka yi a 2024 har aka ɗage komawa karatu zuwa ƙarshen Oktoba, wata wahalar ke farawa. Rabon abinci da gidan sauro da kiran suna ake yi, sanarwar rigakafi da ta tafasa ruwa da lasifika. Ranar rajista ki sa a rubuta "kurma" a gaban sunansa, ki nemi a riƙa liƙa sanarwa a allo, ku zauna inda fitila take. In mace ce kurmar, kada ta je bayan gida ita kaɗai da dare, ba ta jin takun wanda ke bin ta. Wannan ba alfarma kike roƙo ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, kuma sashe na 11 ya ɗora wa hukuma kare su a lokacin bala'i. Ki je wurin mai unguwa tun kafin ruwa ya sauka, tare da ƙanenki, a rubuta gidajen da ke da kurma ko tsoho mai nauyin kunne, a sa wa kowane gida matashin da zai buga ƙofa ya shiga, ba ya tsaya a titi da lasifika ba. Ƙungiyar kurame ta Nijar da makarantar kurame ta Yamai su ne wuraren neman tafinta da abokan da za su riƙa tura masa labari da hannu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin watan Yuni ku zaɓi dare ɗaya, ku gaya masa za a yi gwaji cikin makon amma ba ranar ba, ku kashe fitilu, ki duba agogo. Daga fizgar igiya zuwa tsayuwar kowa a wurin haɗuwa, ku nemi kada ya wuce minti uku. Karon farko yawanci za a tarar an ɗauke makulli daga ƙusarsa, tocila ɗaya ba batir, mai tashin Baba ya tsaya neman takalmi. A gyara, a sake bayan mako biyu, wannan karon ta ɗaya hanyar, kamar an ce ruwa ya riga ya tare ƙofar gida. Sai kuma farkon Agusta, lokacin da lambar da ke jikin bangon zaure ta fara matsowa kusa da layin rawaya.